Rigar Fatar da Aka Ɗinka wa Kwamfutar Malam Modu

Ka taɓa ganin mutumin da ya gwada abu ɗaya sau sittin da ɗaya bai dace ko sau ɗaya ba? Ni Mailafiya na gani, kuma ni na ƙirga.

Malam Modu mutumin unguwar Zaitawa ne, jikan marubutan Alƙur'ani da suka zo daga Borno. Shekara ashirin da biyu yana gyaran tafireta. Da farar hula suka karɓi mulki a 1999, ofisoshi suka koma kwamfuta, cikin wata takwas sana'arsa ta mutu. Wani akawu ya ba shi tsohuwar kwamfutar da za a yar. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ba irin ta kowa ba ce. Na zaga shago goma sha huɗu ban ga irinta ba.

Da ita ya koya wa kansa rubuta manhaja. Burinsa ɗaya: ya zuba jadawalin kakansa na lissafin watanni da lokutan salla a ciki kafin gara ta gama cinye takardun. Amma aikin ba ya tashi sai da kompaila, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa abin da inji ke ganewa. Wadda ke hannunsa rabin jadawalin kawai take iya ɗauka. Sabuwa yake jira.

Shagona na intanet yana Ƙofar Na'isa, ta nan saƙonninsa ke shiga da fita. Wata Talata masu kompailar suka rubuto: nan da wata shida za su daina kula da irin babbar manhajar kwamfutarsa, sai fa in wani ya gwada sabuwar a kai ya aika musu cikakken sakamako. Gwaji ɗari tara, awa biyar a jere.

Na sauke masa sabuwar a faifai, na ara masa janareta. Ya fara. Kullum da an haura gwaji na ɗari huɗu sai kwamfutar ta ɗauke ɗif.

"Mailafiya, rubuta musu, laifin nasu ne."

Wasiƙa ashirin da uku na tura. Amsa ɗaya: su ba su ga matsala ba.

A karo na sittin da ɗaya, ana tsananin zafi, na ce sai na gani da idona. Ya shigar da ni ɗakinsa. Ga kwamfuta cikin rigar jar fata, ɗinkin dukawan kasuwar Kurmi, an rufe ta ruf kamar gafakar Alƙur'ani.

Matarsa Ya Kaka ta leƙo. "Ka gani ko? Ni ko ɗankwali bai saya mini ba bana."

"Abin da ke ɗauke da ilimin kakana ba ya zama tsirara," in ji Malam.

Na kai hannu bayan kwamfutar na janye da sauri. Fatar ta toshe fanka. Zafi ne ke kashe ta, ba kompaila ba. Muka farke ɗinkin, warin ƙuna ya cika ɗakin. Na danna maɓallin kunna ta sau goma sha ɗaya. Shiru.

Malam ya ɗauki fatar da muka farke. Ya naɗe rigar, ya sa takardun kakansa a ciki. Yanzu a ƙofar gida yake wuni, ko labarin kwamfuta ba ya so.

Saura kwana tara wa'adin ya cika, kuma ban san kowa mai irin injin nan ba. In kana da tsohuwar kwamfutar da kowa ya ce bai gane kanta ba, don Allah zo shagona ka karɓi faifan ka gwada. Janareta na nan. Ka dai bar bayanta a buɗe.