Farin Inabin Kawu Sodangi

"Rumaisa'u, kina jina? Na ce Kawunki Sodangi ya cika, yanzunga bayan azahar." Muryar mahaifiyata ce a waya, ranar Talata, 8 ga Oktoba, 2024, ina ofis a Sakkwato da takardun jarrabawar ɗalibai a gabana. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in iso Kaura Namoda an riga an kai ka makwancinka, Kawu.

A zaman makoki na ji an yabe ka. An ce shekara talatin ka yi kana malamin gona tsakanin Shinkafi da Zurmi, ba manomin da ya taɓa zuwa gidanka ya koma ba iri a aljihu. An tuna yadda ka rufa wa matan Gurbin Bore asiri shekarar da tsutsa ta cinye gero. Duk gaskiya ne. Abu ɗaya ne kowa ya kauce wa, alhali muna zaune a inuwarsa: rumfar inabin da ke tsakar gidanka.

Wani tsohon Buzu ne ya kawo maka sandunan dashen inabin a Jangeru, daga lambunan duwatsun Azbin. Farin inabi ne, ƙanana, fatarsa ba kauri, ba ya jure tafiyar mota, don haka ba ɗan kasuwar da ya taɓa kallonsa sau biyu. Ka dasa wuri uku. Na Shinkafi gara ta ci. Na Moriki yana can a lambun da 'yan bindiga suka hana kowa takawa. Saura na gida. Na karanta kimiyyar abinci har na fara koyar da ita, na bincika littattafai, ban sami sunan wannan irin ba. Da na gaya maka, ka ce to ai shi ma bai san nawa ba.

Inabin yana nuna gaba ɗaya da bazara, sai ka matse, ka tace da farin ƙyalle, ka raba wa maƙwabta. Kowa ka miƙa wa sai ka ce a sha yau, a sha gobe, kada ya kwana uku. Shekarar da abin ya faru, ka aika jarka guda gidan wani dattijo da kake girmamawa. Su ma suna girmama ka, nan matsalar take. Suka ga abin da ya fito daga hannunka ya fi ƙarfin a shanye shi haka kawai, suka toshe bakin jarkar, suka adana a ɗaki har ranar sunan jikansu, kwana goma sha biyu, cikin zafin Maris. Da aka buɗe gaban malamai da baƙi, murfin ya yi tsalle, kumfa ta biyo baya, warin ya gama zaure. Ni kaɗai a zuriyarmu zan iya bayanin abin da zafi da zaƙi suka yi a jarkar nan, amma ba wanda ya tambayi kimiyya.

Ka je da kanka ka zubar, ka wanke jarkar, ka ba da haƙuri. Ba ka taɓa faɗa wa kowa cewa ka yi gargaɗi ba, don kada ka kunyata dattijon. Shi ma bai taɓa faɗa ba, har ya rasu. Haka mutumin da ko goro ba ya ci ya zama "Sodangi mai giya" a bakin gari shekara ashirin. A wasu ƙasashen, na ji, masu irin wannan inabi sunansu ake bugawa a kwalba. Kai naka a bayan idonka ake kira. Na rubuta wannan ne don wanda bai sani ba ya sani: Kawuna bai taɓa yin giya ba.

Ranar addu'ar bakwai na tarar da ɗanka Zaharaddeen yana wasa gatari a gindin rumfar. Taubashina ne, mun saba tsokanar juna, amma ranar ba wanda ya yi dariya sosai. Na tambaye shi ko itacen girki ne ya ƙare. Ya ce tun yana firamare ake kiransa ɗan mai giya, ba zai bari 'ya'yansa su gaji sunan ba.

"Ke 'yar boko, kina Sakkwato," ya ce. "Ni nika sallah masallacin unguwarga."

Yana da gaskiyarsa, Kawu. Na roƙe shi ya jira damina mai zuwa. Ya ce gobe da hantsi zai sare.

Matarka, Inna Mubaraka, tana takaba a ɗaki, ta ji komai. Da na shiga sallama ta jawo wani jiƙaƙƙen buhu daga bayan randa. Sanduna shida ne a ciki, kowanne da idanun tsiro uku. Ta ce kwana biyu kafin ka kwanta ka rage rassan kamar yadda kake yi ƙarshen kowace damina, ka zaɓi waɗannan, kullum tana yayyafa musu ruwa ba ta san wa za ta ba ba.

"Ɗauki, ɗiyata," ta ce. "In ya yi 'ya'ya, ki sha da wuri."

Allah ya jiƙan ka, Kawu Sodangi. Allah ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya sa duk kalmar da aka jefe ka da ita ta zama nauyi a mizaninka. Allah ya ba Inna Mubaraka, da Zaharaddeen da ƙannensa, da mahaifiyata da ta rasa yayanta, haƙurin wannan rashi.

Na fito da buhun a hammata. Zaharaddeen ya kalle shi, ya kalle ni. Ya raka ni har zaure, ya ce in gaida Sakkwato, ya mai da ƙofa ya rufe.