Faya-fayai Takwas a Rana

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Lahadi, goma ga watan ƙaramar Sallah, shekara ta 1346, wadda Nasara ke ƙirgawa 1928, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ɗana Attahir a gidansa na Tanut, bayan tari da ciwon ƙirji na wata huɗu. Shekararsa talatin da uku. Ya bar matarsa Rahamatu da 'ya'ya mata biyu, da ni Hajjo da na haife shi. Shi ne ɗan farina, don haka bakina bai taɓa kiran sunansa ba. Yau na rubuta sunan, ranar da ba zai amsa ba. Ina so a karanta wannan takarda ranar sadakar arba'in, a zaure gaban maza, a cikin gida gaban mata, kuma kada mai karatu ya tsallake ko layi ɗaya don jin kunyata.

Attahir, mutanen Damargu sun san ka da jakar magani. Shekara biyar ka yi a Damagaram kana taimakon wani likita Bature, ka dawo gida kana yi wa yara lambar rigakafin agana. Ka taka ƙasar nan daga Ollelewa har Belbeji a kan raƙumin aro. Na ga matar wani Buzu ta zo da cuku cike da ƙwarya saboda ka wanke wa mijinta gyambo kwana ashirin ba fashi. Ka karɓi ɗaya don kada ranta ya ɓaci, ka mayar mata da sauran. Shekarar da fara ta cinye geron gabas, ka buɗe rumbunka ga maƙwabta ba tare da ka shawarce ni ba, na yi maka faɗa, ka durƙusa ka saurara har na gama, kashegari ka sake buɗewa. Ban taɓa yaba maka a gabanka ba. Haka aka rene ni a gidan ubana malami, haka kuma nake koya wa matan da ke zuwa ɗaukar karatu wurina: uwa ba ta yabon ɗa.

Abu ɗaya ne ya shiga tsakaninmu, shi ne garmaho. Likitan nan ya bar maka shi da zai koma ƙasarsu, shekara bakwai ke nan, akwatin kiɗa mai hannun juyawa, da baƙaƙen faya-fayai tara na kiɗan manyansu, wanda ba waƙa a ciki ba rawa. Kowa a unguwar nan ya san yadda kake yi da su. Bayan sallar la'asar sai ka shimfiɗa tabarma a zaure, ka goge faifai da guntun tsohon rawani, ka juya hannun akwatin sau ashirin da biyar, kana ƙirgawa a hankali. Fuska ɗaya ta faifai kake ji a yini, ba ƙari, don kada su cinye. Da allurorin ƙarfen da aka bar maka suka ƙare, ka gwada ƙayar magarya ta karye, ka gwada farar ƙaya ta yi kaushi, sai ka tsaya a kan ƙayar aduwa. Kana fiƙe ta da aska, ka ce ta fi ƙarfe taushin murya.

Abokan zamanka biyu ne. Barmo tsohon soja yana son faifan da ke da ƙahoni da ganguna, wanda ke sa kaji gudu. Gajere mai goge, mutumin Tarka, yana cewa wannan ba kiɗa ba ne, rigimar kasuwa ce. Ina jin su ta bayan danga.

“Kai Gajere, kunnenka ma gajere ne,” in ji Barmo. “Abin da ya wuce tsirkiya ɗaya ba ya shiga.”

“To, sarkin yaƙi. Kai da igwa ta kurmantar, dole sai an buga maka tukunya a ka.”

Kai kuwa naka faifan shi ne mai jan tambari. Ka ce wani babban goge ne da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi, shi kaɗai yake tafiya, a hankali, kamar dattijo mai ba da labari. Kusa da ƙarshe akwai tsaga da ke sa shi yin ƙas, ƙas, sau uku. Ka saba da ita har ka ce in babu ita sai ka ji kamar an rage wani abu. Ranar Alhamis kaɗai kake sa shi. In ya fara sai ka cire hula ka ɗora a gwiwa, ka sunkuyar da kai, Barmo ma ya yi shiru.

Wannan sunkuyawar ce ta tsaya mini a rai. Na ga ɗana yana yi wa akwati ladabin da ake yi wa karatu. Na sha gaya maka kunne amana ne, za a tambaye ka abin da ka zuba a cikinsa. Kakan ce, “Gaskiya ne, Inna,” ka rage muryar akwatin da tsumma. Ba ka taɓa barin sa ya kai kiran magariba ba, ba ka taɓa rasa jam'i saboda shi ba. Na san haka. Har yau ban ce kiɗa abin kirki ba ne, kuma kada 'yan matan da ke saurare su ɗauka na sauya magana. Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba.

Shekara uku ke nan, da ƙarshen damina, ka tafi lamba wajen Belbeji. Lokacin shanya ne. Kowace mace a garin nan tana fitar da kayan ɗaki a rana don sanyi ya fita, gara ta gudu: tabarmi, buzaye, kayan sawa, har littattafai. Na shiga ɗakinka na ce wa Rahamatu ta fitar da kome. Ta fitar, ta bar akwatin faya-fayai. Na ce har shi. Ta durƙusa ta ce, “Inna, ya ce rana tana kashe su.” Na ce mata ni na haife shi, ba ita ba. Ta tashi ta tafi rijiya. Na ɗauko su da hannuna, guda takwas, na jera a kan rufin rumfa inda rana ta fi zafi, daga hantsi har azahar ta wuce. Faifai na tara ya tsira don yana cikin garmahon a rufe, ban kuma iya buɗe shi ba.

Ba kuskure na yi ba. Na ji abin da ta ce, kai ma ka taɓa faɗa a gabana. Da na sauko da su sun lanƙwashe kamar ganyen kabewa da ya sha rana. Na gaya wa kaina aikin lada na yi.

Ka dawo bayan kwana shida. Na ga ka ɗauki mai jan tambari ka ɗora, allura ta hau ta sauka, ya yi wani kuka kamar na maras lafiya, ka tsayar. Ka zo ƙofar ɗakina ka tambaya a hankali wa ya taɓa akwatin. Na ce, “Matarka ta yi shanya.” Kalma huɗu, babu ta ƙarya a cikinsu in an ɗauke su ɗaya-ɗaya, kuma ni mai koya wa mata hukuncin ƙarya na san abin da na haɗa da su.

Ba ka daki Rahamatu ba, ba ka zage ta ba. Ka daina yi mata magana sai abin da ya zama dole. Wata biyu tana ajiye maka tuwo kana ci ba ka dubanta. Daga baya ta tafi gidansu a Ollelewa, mata suna cewa sakarya ce, ba ta san darajar kayan miji ba. Na ji da kunnena a gidan suna, ban ce uffan ba. Sai da kaka ta wuce ka je bikonta. Kun shirya, amma ba ka ƙara barin mabuɗin ɗakinka a hannunta ba har ka kwanta ciwo.

Faifan da ya rage na Barmo ne, mai ƙahoni, wanda ka fi ƙi. Kakan sa masa shi jefi-jefi don kada ya daina zuwa. Alhamis kuwa sai ka zauna a zaure da hula a gwiwa, babu abin da ke juyawa.

Alhamis ta ƙarshe kafin rasuwarka Gajere ya zo da gogensa bayan la'asar. Na tare shi a ƙofa na ce gidan maras lafiya wurin addu'a ne. Ya ce, “Allah Ya ba ki haƙuri, Inna. Bayan danga ai hanya ce, ta kowa.” Ya zagaya ya zauna a ƙasa daidai bangon ɗakinka. Ashe duk shekarun nan ya haddace kiɗan jan tambarin. Ya ja shi da tsirkiya ɗaya, kuma da ya zo kusa da ƙarshe ya ƙwanƙwasa ƙoƙon gogen da farce sau uku, inda tsagar take. Ina zaune kusa da kai da kofin ruwa. Na ga ka lalubi kanka kana neman hular da za ka cire, babu hula. Ka yi murmushi. Ranar na fara jin kiɗan da kunnena, ba ta bayan fushi ba. Ban san ko mai kyau ne ba. Na dai ga numfashinka ya kwanta.

A lokacin na yi niyyar gaya maka. Na buɗe baki, sai abin da na saba ya fito: na ce ka yawaita istigfari, ka bar shagala. Ka ce, “To, Inna.” Ita ce maganarmu ta ƙarshe mai tsawo.

Bayan sadakar bakwai na sami Rahamatu a ɗakin takaba na tambaye ta ko ta taɓa gaya maka. Ina fata ta ce e, in ce ka sani ka yafe. Ta ce a'a. Na ce don me ta ɗauki abin da ba nata ba shekara uku? Ta sunkuyar da kai ta ce, “Inna, ni zai iya yi wa fushi ya huce. Ke kuwa, ina zai kai shi?”

To ku ji, mutanen Tanut da na Ollelewa. Rahamatu ba ta shanya faya-fayan mijinta ba. Ni Hajjo na shanya su, da sani, na kuma bar ta da laifin. Duk wadda ta kira ta sakarya ta je ta nemi gafararta, ni ce ta farko a layi. Na ji wasu dangi na cewa a fasa akwatin kiɗan a jefa a rami don kada ya bi mamaci da zunubi. Kada wanda ya taɓa shi. Na roƙi masu rabon gado su sa garmahon cikin rabona, kuma na ba Rahamatu, da ƙayoyin aduwar da ya fiƙe, da faya-fayai takwas da muka tarar a ƙasan akwatinsa, kowanne a naɗe cikin tsumma kamar masu rai. In ta fita takaba ta yi yadda ta ga dama da su. Barmo da Gajere kuma zauren nan nasu ne kamar da.

Attahir, yanzu in la'asar ta yi sai gidan ya yi tsit. Shirun da na yi shekara bakwai ina nema ke nan, an ba ni shi duka.

Ya Allah Ka jiƙan bawanka Attahir, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka duba yaran da ya tsare daga agana da yunwar da ya kashe wa maƙwabta. In akwai tambaya a kan watanni biyun da ya juya wa matarsa baya, ni ce mai amsa ta, kada Ka kama shi da ita. Ina yi wa 'ya'yansa ta'aziyya, da abokansa, da dukan Damargu. Ke kuma Rahamatu, 'yata, Allah Ya ba ki haƙurin da ya fi wanda kika riga kika yi. Ga ni a ƙofar ɗakinki. Shi ba zan ƙara samun sa in roƙa ba, sai ke.