Zoben Inna da Garin Silika

Inna ba ta sa zobe, ba ta tara farce. Ƙawayenta sun ɗauka rashin son gayu ne, alhali aiki ne ya hana ta.

Tun tana budurwa take aiki a ɗakin gwaje-gwaje, kuma abu ɗaya ta sa a gaba: silika, wani farin gari mai laushi kamar yashin da aka niƙa liƙis. Takan gasa shi har ya bushe ƙayau, sannan ta ɗora masa sinadarin boron. A faɗarta, boron ɗin mayunwaci ne, duk abin da ya gifta sai ya cafke, kuma da wannan kwaɗayin yake sa sinadarai su haɗu. Matsalar ita ce ya fi son danshi da komai. Da ya sha, ya ƙoshi, aiki ya tashi a banza. Shi ya sa take sarrafa shi a cikin rufaffen akwatin gilashi, ta zura hannuwanta cikin dogayen safar roba da ke manne a jikin akwatin.

Wata safiya, kafin a san da zuwana duniya, ta zura hannu da sabon zobe a yatsa. Tana buɗe kwalbar garin da ta yi wata da watanni tana haɗawa, zoben ya huda safar. Nan take ta matse hujin da ɗaya hannun. In ta saki, iska mai danshi ta shiga. In ba ta saki ba, wa zai rufe kwalbar? Ta tsaya ƙiƙam, ga hancinta ya zaɓi wannan lokacin ya fara ƙaiƙayi.

Sai ga mai ƙera musu kwalaben gilashi ya shigo kawo kaya, wani dogo marar magana da ko gaisuwar kirki ba su taɓa yi ba.

"Malam, don Allah ajiye kayan nan," in ji ta. "Sa hannu a waccan safar ta gefe, ka rufe mini kwalbar."

Ya zura hannu ɗaya, ya lallaɓa murfin, ya murɗa a hankali har ya zauna.

"Saura me?"

"Hancina," ta ce, kunya kamar ta nutse.

Bai yi dariya ba. Ya zaro tsinken gilashi daga aljihu, ya sosa mata.

Garin ya tsira, ya kuma yi aikinsa. Dogon nan shi ne Babanmu, kuma har gobe cika baki yake wai shi ya ceci kimiyya. Inna kan harare shi ta ce ya kusa sa ta tsufa a tsaye.

Ranar da na kai mata maganar wanda nake so, na zaci asalinsa za ta tambaya. Sai ta ce, "Kin taɓa yin kuskure a gabansa?"

Na ce ban gane ba.

"Babanku ya ga zoben nan ƙuru-ƙuru," in ji ta. "Har yau bai ce mini me ya kai ki ba."