Fim ɗin da ba a kai shi ƙarshe a gidan Iya

Shekarun baya, lokacin da 'yan bindiga suka hana ƙauyukan Batsari barci, mahaifina ya aike ni daga Katsina in kai wa ƙanwarsa hatsi da magani. Goggo ta baro ƙauyensu da ke wajen Karare, ta kama ɗaki a cikin garin Batsari. Ni kuma ban daɗe da gama makarantar jinya ba, ina jin kaina. Da niyyar kwana ɗaya na je. Sai hanya ta lalace, direbobi suka ajiye motoci, layin waya ma babu, na zauna har na daina lissafi.

A daren farko, can tsakar dare, na ji ana taɓa ƙafata.

"Tashi, ɗiyata," in ji Goggo a hankali. "Ɗauki mayafinki da faifan nan. Kada ki kunna fitila."

Na ce shi ke nan, sun shigo. Na rungumi jakata, na zura takalmi ɗaya nawa ɗaya na Goggo, na bi ta ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Abin da na kasa ganewa shi ne amfanin faifai ga mai gudun ceton rai. Muka bi wani lungu, muka ga wasu mata biyu a gabanmu, su ma da faifansu, ɗaya har da tsintsiya da kwanon ruwa. Na ce a raina ƙila wata dabara ce ta mutanen nan.

Wani gida muka shiga. A babban ɗaki na tarar da mata cike, yara na barci a gefe, an toshe taga da bargo. Kan turmi an ɗora wata 'yar talabijin da aka jona da batirin sola.

"Goggo, ina za mu gudu?"

"Gudu kuma? Kallo muka zo. Gaida Iya."

Iya ita ce tsohuwar da ke da gidan. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi mutanen birni ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dubi ƙafafuna ta ce, "Baƙuwa ce, a ba ta akuya."

Ban ga akuya ba. Ɓawon gyaɗa aka zuba mini a tafin hannu, aka kunna.

Tsohon fim ne na Indiya, babu fassara, kuma an rage sautin har da ƙyar ake ji. Matan ne ke yin maganar. Kowace na da wanda take ara wa baki. Wata mai sayar da ƙosai ce uwar saurayin fim ɗin, wata amarya ce saurayin, Goggo kuma ita ce mugun mai gashin baki, tana kumbura murya tana cewa a kawo masa fura. Duk sanda ya fito, sai a jefi talabijin da ɓawon gyaɗa. Ni ma na jefa, ashe kawun saurayin na jefa, mutumin kirki, shi ma gashin bakin gare shi. Aka yi mini caa cikin raɗa.

Da aka zo waƙar da ake yi cikin ruwan sama, kowa ta ɗora faifai a ka. Kafin in ɗaga nawa, mai tsintsiya ta tsoma ta a kwano ta yarfa mini ruwa a fuska. Suka kama waƙa ƙasa-ƙasa, da kalmomin da suka ƙirƙira kan tsadar masara da mazan da ke ɓuya in an zo maganar cefane, suna rausaya a zaune. Can sai wata akuya ta gifta a bayan masu rawa. Kowa ta juyo tana kallona. Goggo ta zungure ni.

"Ke ake jira."

Haka na buɗe baki, da takardar makarantar jinyata, na yi kukan akuya. Iya ta ce ba laifi, amma akuyar birni ce.

Na yi ƙoƙarin bin labarin, na kasa. Na tambayi ta kusa da ni ko yarinyar fim ɗin ƙanwar saurayin ce. Ta ce ran Litinin da Alhamis ƙanwarsa ce, sauran ranaku budurwarsa, don an yi gardama an kasa rabuwa. Abin da kowa ya yarda da shi kawai, mugun ya sa an kama saurayin an yi nisa da shi, uwar tana jira.

Kusa da ƙarshe saurayin ya kuɓuta. Ya sauko daga jirgin ƙasa, ya hango fitila a ƙofar uwarsa, ya fara takawa. Na gyara zama. Sai Goggo ta miƙe ta kashe talabijin. Ba wadda ta yi ƙorafi. Aka shafa fatiha, aka kishingiɗa ana jiran kiran assalatu.

Washegari ma haka, jibi ma haka. Dalilin taruwar na gane shi da wuri: bayan tsakar dare maharan suka fi zuwa, ba mai iya runtsawa, kuma zama ke kaɗai kina sauraron ƙarar babur ya fi komai cin rai. Akwai daren da muka ji harbi daga nesa. Aka yafa wa talabijin zane, uwaye suka toshe bakin yara, muka yi zaman da ban san tsawonsa ba. Da ya lafa, Iya ta ce, "A buɗe. Ina muka tsaya?" Aka ci gaba, na yi kukan akuyar.

Kashewar ce ta tsaya mini a rai. Mai ƙosai ce ta warware mini, ina taya ta gyaran wake. Ta ce ɗan Iya, wanda ke fataucin hatsi, an tare motarsu tsakanin Batsari da Safana an shiga da shi daji. Iya ta ce ba za ta kalli wata uwa tana rungumar ɗanta ba sai ta rungumi nata.

Daga ranar na daina ganin abin a matsayin shirme, ko da yake ban san sunan da zan ba shi ba.

Allah da ikonsa, ɗan Iya ya dawo. An sayar da shanu, an sayar da gona, wata safiya aka shigo da shi a rame, ƙafafu a kumbure. Ni na wanke masa ciwukan. Da ya ɗan murmure, Iya ta aika gida-gida cewa yau za a kai ƙarshe.

Ɗakin bai taɓa cika irin na ranar ba. An yi turare, an soya gyaɗa, ɗan Iya na zaune kan tabarma a bakin ƙofa daga waje. Mai ƙosai ta wuni tana shirya kalmomin da za ta tarbi ɗanta da su. Saurayin ya sauko daga jirgi. Goggo ba ta motsa ba. Ya taka, ya taka, uwar ta buɗe ƙofa. Sai mai gashin baki ya fito daga bayan bishiya ya harbe shi. Ya faɗi a kan dokin ƙofar.

Ba wadda ta jefa ɓawo. Mai ƙosai ta tsaya da baki buɗe. Wata ta ce, "Ku bari, zai tashi." Muka jira. Uwar ta ɗora kansa a cinyarta tana waƙa, rubutun ƙarshen fim ya fara hawa.

Iya ta juya wajen ƙofa. "Kana nan?"

"Ina nan, Iya."

Ta daɗe tana kallon matar da ke cikin talabijin, sannan ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, baiwar Allah. Ashe duk zaman nan ke ba ki da rabo." Ɗakin ya amsa da amin.

Da asuba muna komawa na ce, "Goggo, ke ba ki yi mamaki ba."

"Tun ina amarya na ga fim ɗin a gidan wani malamin makaranta."

"Kin san mutuwa zai yi?"

"Ni na ce wa Iya mu ajiye ƙarshen sai yaro ya dawo. Ta ɗauka daɗi ne a ciki, na bar ta."

"To yau me ya sa ba ki kashe ba?"

"Yau nata na bakin ƙofa."

Yanzu na daɗe ina aikin asibiti, na sha tsayawa gaban uwa tana tambayata abin da na san amsarsa. Har yau ban yanke ba ko abin da Goggo ta yi ƙarya ne ko jinƙai, kuma ban san me za ta yi ba da a ce labarin ɗan Iya ya zo da wani launi. Na taɓa tambayarta, ta ce ita ma ba ta sani ba.

Kafin hanya ta buɗe in tafi, matan sun samo wani fim, don Iya ta ce ba ta iya dariya a gaban uwar da ke makoki a wancan fim ɗin. Ta kuma kafa doka, sai wata ta fara kallonsa ita kaɗai har ƙarshe ta kawo labari. Goggo suka zaɓa. Iya ta riƙe hannunta ta ce, "Amma wannan karon gaskiya za ki faɗa mini." Goggo ta karɓi fim ɗin ta ƙulle a haɓar zane, ta ce sai ta ga halin da gari ya kwana a ciki.