Takardun farar mota aka ba Babana

"Malam, ka zo da lauya ke nan?" in ji dillalin motar ga Babana, yana nuna ni yana dariya. Yaransa ma suka fashe da dariya.

Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, sai ga ni tsaye a garejin sayar da motoci a Jibiya, riƙe da takardu.

Sati biyu ke nan da Baba ya sayi mota ta hannu a wurin dillalin don ɗaukar fasinja zuwa Katsina. Ranar farko aka tsare shi a shingen kwastam, aka ce takardun ba na motar ba ne. Baba ba ya karanta boko. Tun ranar motar ke ajiye, gidanmu babu mai fita nema.

Na ce, "Alhaji, takardar nan ta ce fara. Motar Baba shuɗiya ce. Lambar jikinta ma daban."

"Ɗiyata, ciniki ya faɗa, mun tafa. Je ki gida ki yi wanke-wanke."

Na ce, "Na gama wanke-wanken kafin in fito. Zan jira."

Na zauna a bencin ƙofarsa. Duk wanda ya shigo duba mota sai in gaishe shi, in ce ya karanta takarda kafin ya tafa. Mutum uku suka juya.

Kafin la'asar takardunmu na gaskiya suka fito daga durowarsa.

An ce na yi rashin kunya ga babba. Gobe dai Baba zai yi lodi. Ku da kun tashi daga bencin nan?