Ba Kunun Maman Talatu Ba Ne Ya Kwantar Da Mu

Wata biyu ban ce uffan ba a wannan dandalin. Yau zan yi magana, wanda zai ji haushi ya ji.

Ranar sunan jaririn ƙanwata muka ci dambun kaza da azahar. Kafin la'asar cikina ya murɗa, amai ya ɓalle, zawo ya biyo baya. Mu goma sha ɗaya aka kwasa zuwa asibiti, har da 'yata Hanifa mai shekara huɗu.

Leda shida ta ruwa aka ƙara min. Ina kwance ina jin Hanifa a gadon kusa, ko kuka ba ta iya yi. Wallahi na ɗauka tafiya ce ta zo.

Ashe muna can, a unguwa an gama yanke hukunci. Wai Maman Talatu ce.

Maman Talatu maƙwabciyata ce, Kirista, 'yar Nasko. Shekara tara katanga ɗaya ta raba mu. Ita ta dama kunun zaƙi ta kawo gudummawa, ta wuce coci ba ta ci komai ba. Shi ke nan laifinta: ba ta kwanta ba. Aka ce ta zuba mana wani abu. Aka tuntsurar da kunun a kwata, aka hana yara shiga gidanta, aka daina amsa gaisuwarta.

Ni ma da aka faɗa min, shiru na yi. Wannan shirun ne yake cin raina har yau.

Likita ya tambayi abin da ya rage na abinci. Kunu dai kun zubar, masu ilimi! Allah ya sa maigidana ya samu sauran dambu a kula. Aka ɗiba aka aika gwaji Minna. Da za a sauya min allurar ruwa, likitan ya ga tsumma a yatsata.

"Hajiya, mene ne wannan?"

Na ce karkare ne, ya kusa warkewa.

"Wa ya yayyaga kazar?"

Na ce ni ce, tun jajibiri, muka rufe a kula da ɗuminta. Na ƙara da cewa ai mun soya da safe.

Ya ce, "Wuta tana kashe ƙwayar cutar. Dafin da ta riga ta zuba a abinci kuwa, ko sau nawa kika soya yana nan."

Ya goga auduga a yatsar, ita ma aka aika. Bayan kwana takwas sakamako ya dawo. Ƙwayar da ke cikin dambu, wai ita staf, ita ce a yatsata, an kuma samu dafinta a naman.

Ni ce. Hannuna ne. To ina masu bakin nan? Wa ya hana 'ya'yansa shiga gidana? Babu! Sai "Allah ya kiyaye gaba, Hajiya." Haba jama'a, ku ji tsoron Allah!

Alhamdu lillahi, duk mun warke. Na gode wa likitan nan da nas-nas, da maigidana da ya yi ta zirga-zirga.

Mata, in kuna da ƙurji ko yanka a hannu, ku bar wa wata aikin abinci. Kada dafaffen nama ya kwana da ɗumi a kula. In abinci ya kwantar da mutane, a adana sauran a kai asibiti, a kama baki sai gwaji ya fito.

Kafin sakamakon ya zo, Maman Talatu ta kwashe kayanta ta koma Nasko. Jiya na hau mota na same ta, na durƙusa na ce, "Mama, ki yafe min." Ta ce, "Tashi, 'yata, ya jikin Hanifa?"

Ta shiga ɗaki ta ɗebo min ruwa. Sai da ta kurɓa a gabana, sannan ta miƙo min kofin.