Shekarar Da Baffa Ya Faɗi Zaɓe A Amurka

Jiya ina cikin aji ina koya wa yara lissafi, sai motar 'yan siyasa ta bi ta bayan makaranta, lasifika na ta kururuwa, yaran duk suka ruga taga. Ban tsawata musu ba. Ni ma hankalina ya tafi, sai dai nawa Durba ya nufa, garin da aka haife ni, cikin wata damina da baffana ya dawo daga Amurka bayan ya faɗi zaɓe.

Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ne autan kakanmu. Tun kafin a haife ni ya tafi karatun aikin ruwa, da ya gama ya sami aiki a wani ɗan ƙaramin gari a can, ya yi iyali, ya zauna. Mu yara a hoto muka san shi, wanda ke rataye a ɗakin Inna, mahaifiyarsu. Yana tsaye cikin ƙanƙara da wata ƙatuwar riga, idonsa da hancinsa kawai ake gani. Kakanmu kuwa, wanda kowa ke kira Malam, shi ne mai unguwa. Duk Sallah in an zauna cin tuwo sai ya ce, "Ga gida ga gona, yaron nan ya je ya zauna inda ba a jin kiran salla." Burinsa a duniya Baffa ya dawo.

Wata shekara labari ya zo cewa Baffa ya tsaya takarar kansila a garin da yake. Kafin labarin ya kai kasuwar Kibiya ya zama takarar gwamna. Mata suka riƙa shigowa yi wa Inna barka tun ba a jefa ƙuri'a ba, ita kuma tana raba goro. Daga nan sai shiru. Babu wanda ya fito ya ce mana ya faɗi, mun dai ga goro ya ƙare ba a sayo wani ba.

A tsakiyar marka ya iso. Gero ya yi kai, masara ta nuna, ko'ina ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin ɗanyen itace. Motar da ta ɗauko shi daga Rano ta kafe a laka kafin ta shigo gari, sai da aka kira samari suka tura. Na zaci zan ga ƙaton mutum irin na hoton, sai ga wani siriri mai furfura a gefen kai, takalmi a hannu, ƙafa duk taɓo. Ya durƙusa gaban Malam ya daɗe bai ɗago ba.

Washegari ya gaya wa mahaifina cewa ya dawo ke nan, matarsa da 'ya'yansa za su biyo shi in an rufe makaranta. Inna ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Ta sa aka fitar da buhunan da ke ɗakin kudu, aka fara yaɓe. Kowa na jiran ya ga murnar Malam, tunda abin da ya daɗe yana roƙo ne ya samu. Amma Malam sai ya ci gaba da fita zaure da safe, yana sauraron masu rigimar iyakar gona, yana dawowa.

Rannan bayan la'asar, ruwa ya ɗauke, mu 'yan mata muna bakin zaure muna ɓarar sabuwar gyaɗa. Malam na kan buzunsa, Arɗo abokinsa, wanda rugarsu ke bayan dutse, na gefe da sandarsa, Baffa kuma ya zauna a tabarma. Sai Malam ya ce, "Auta, gaya mini, me ya kai ka neman sarautar mutane?"

Baffa ya ce ba sarauta ba ce, wakilcin unguwa ne a majalisar gari. Ya ce akwai wata unguwa a kwari, ta masu ƙaramin ƙarfi, duk shekara in ƙanƙara ta narke sai ruwan kwata ya cika musu gidaje. Shi da yake aikinsa ne ya san inda gyaran yake. Ya yi ta kai kuka majalisa ba a kula ba, mutanen unguwar suka ce to ya shiga da kansa. Ya ce kullum in ya tashi daga aiki sai ya bi gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa.

"Gida-gida?" in ji Arɗo. "Kamar mai tallar nono?"

Baffa ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya ce wasu sun saurare shi, wasu sun rufe ƙofa tun bai gama sallama ba, wani ma ya ce ya koma inda ya fito. Amma akwai wata tsohuwa Baturiya mai dogara sanda, ko sunansa ba ta iya faɗa daidai, ita ta fara kafa allon takararsa a ƙofar gidanta, maƙwabta na yi mata gori. Akwai kuma wani baƙar fata, tsohon direban bas, da ya riƙa yawo da shi a motarsa kyauta. Da aka ƙirga ƙuri'a, mutumin da ya daɗe a kan kujerar ya kayar da shi. Ya ce a ranar ya buga masa waya ya yi masa murna.

Arɗo ya tafa hannu. "Wanda ya kayar da kai? Ka ce masa barka?"

"Haka ake yi a can," in ji Baffa. "Har ya ce in zo mu zauna a kan maganar ruwan."

Malam ya ce, "Ka je?"

"Ban je ba, Baba. Zuciyata ta mutu."

"Ruwan ya daina shiga gidajen?"

"Bai daina ba."

Malam ya shiga jan carbi. Ni dai na bar ɓarar gyaɗar. Can ya ce, "Allah ya sani babu abin da nake so kamar in buɗe ido in gan ka a gidan nan. Amma ba na so ka dawo mini a guje. Tsohuwar nan ba ta san ubanka ba, ba ta san garinku ba, ta kafa sunanka a ƙofarta. In ruwa ya sake shiga ɗakinta wa za ta nema? Ka koma ka zauna da mutumin. In ka gama abin da ka ɗauko, gida na nan."

Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, in na koma ban san ko zan sake samunka ba."

"Wannan na Allah ne," in ji Malam. "Naka shi ne alkawari."

Ashe Inna na bayan danga tana ji. Ta fito ba ko mayafi ta ce, "Malam, ɗan nawa za ka sake kora saboda wata tsohuwar da ban sani ba? Ni ba tsohuwa ba ce?" Malam ya naɗe buzunsa ya nufi masallaci. Kwana da kwanaki ba ta kai masa fura da hannunta ba, ni take aike. Masu yaɓe suka kwashe kayansu, ɗakin kudu ya tsaya rabi ja rabi fari.

Da aka fara yankan gero Baffa ya tafi. Inna ta ɗaure masa kuka da daddawa a leda tana kuka tana sa masa albarka. Ya je ya zauna da wanda ya kayar da shi, aka sa shi cikin kwamitin aikin, aka fara haƙa magudana. Da zaɓe ya zagayo ya sake tsayawa, ya ci. A lokacin babu waya a Durba, wani Alhaji mai motocin haya a Rano aka bugo wa, shi ya turo ɗan acaɓa da saƙon. Malam na kwance ba lafiya. Da aka gaya masa sai ya ce, "Alhamdu lillahi. A tambaye shi ko an gama aikin." Bai kai wata damina ba ya rasu. Baffa bai same shi ba.

Na daɗe ina ganin Malam ya yi wa kansa da Inna tsauri. Sai da na haifi nawa na gane abin da ya haɗiye a ranar. Baffa ya yi shekaru a majalisar, har ya zama magajin garin, ya sauka da ƙafarsa. Ba ya yabon siyasar can fiye da kima. Ya ce su ma akwai zagi, akwai sharri, akwai masu ƙyamar baƙo har gobe. Inna kuwa Allah ya ja kwananta, ta huce, har ta kai in baƙo ya zo sai ta ce, "Ka san ɗana ne ke riƙe da wani gari a Amurka?"

Yanzu Baffa ya tsufa, rabin shekara a Durba yake yi. Garin ya canja, kowane yaro da waya a hannu, suna bin zaɓen Amurka kamar ƙwallo, amma da yawansu sun ɗauka siyasar gida ba ta da magani. Shi kuwa bara ya tara matasa da mata, suka yi ta zuwa ofishin ƙaramar hukuma neman a turo ungozoma ɗakin shan maganinmu. Yakan zauna a benci yana jiran layi, samari na jin kunya a madadinsa, shi yana cewa bencin can ma haka yake da tauri. An turo ungozomar kafin azumi. Jikata ta fari a hannunta aka haife ta, a cikin garinmu, ba a nemi motar zuwa asibiti ba.